Abin da Afiniki Ta Kasa Faɗa a Rugar Jibir

Duk wanda ya san Afiniki a 'yan shekarun nan zai ce maka ba ta da ta-ido. Ita ce matar da za ta miƙe a taron zumuntar mata, fasto yana zaune a gefe, ta ce kowace mace ta riƙa laluba nononta in ta shiga wanka, ta faɗi kalmar ɓaro-ɓaro har sau uku, bawan Allah ya rasa inda zai sa idonsa. Matasa su yi ta dariya, tsofaffi su yi ta tsaki. Ni ba na cikin masu dariyar, don na san ta tun lokacin da ko sunan mijinta ba ta iya kamawa. Sunana Bernice, ungozoma ce ni, kuma shekara ashirin da biyu muka yi tare da ita a wani asibitin mishan da ke gefen Kafanchan. Labarin nan ba asirinta kaɗai zai tona ba, har da nawa.

'Yar Fadan Kaje ce, ta huɗu cikin 'ya'ya tara. Babanta lebura ne a layin dogo, uwarta kuma noman citta ta sa a gaba har ƙarfinta ya ƙare. Afiniki ta yi aji biyu na sakandare, karatun ya tsaya, ta auri wani tela mai haƙuri kamar ita. A 1987 aka ɗauke ta aikin shara a asibitinmu, a watannin da gari bai gama farfaɗowa daga rikicin shekarar ba, ma'aikata da yawa sun tattara sun koma garuruwansu. Tsohon da ke wanke hotunan ƙashi da na ƙirji ya rasa mai taya shi, sai aka tura masa ita. Ɗaki ne mara taga, sai wata jar fitila da warin magani mai hawa kai. Kowa yana gudun wurin, ita kuwa kamar an yi shi dominta, tunda a can babu mai kallon fuskarta balle ya ja ta da surutu. Kafin tsohon ya yi ritaya ta fi shi iyawa. Hoton da Afiniki ta wanke ba ka ganin tabon yatsa a jikinsa.

Akwai mutum ɗaya da take sakin jiki da ita, wata Bafulatana mai suna Nene, wadda rugarsu take bayan Fadan Kaje. Nene ta san uwar Afiniki tun suna 'yan mata. Duk ranar kasuwa takan hau mota ta shigo Kafanchan da ƙwaryarta, kuma ƙofar asibiti ce zangonta na farko. Tun daga nesa za ka ji muryarta siririya tana cewa ga nono, ga nono mai kyau. Bayan tashin hankalin Zangon Kataf na 1992 ta yi wata shida ba ta leƙo gari ba, ranar da ta dawo kuwa ƙofar ɗakin duhun nan ta fara ƙwanƙwasawa, suka zauna a dakali suna share hawaye, babu wadda ta tambayi wata komai.

A 1996 wata ƙungiyar majami'u daga ƙetare ta aiko mana da tsohon injin ɗaukar hoton nono, wanda ake gano ciwon daji da shi tun bai girma ba. Da injin aka haɗo wani bincike. Za a ɗauki hoton mata ɗari da tamanin waɗanda suka haura shekara arba'in, sannan likitocin duba hoto guda biyu su zo, kowa ya duba shi kaɗai, a gani ko idonsu zai faɗa wuri ɗaya, da kuma ko abin da ya kuɓuce wa ɗaya, ɗayan zai kama shi.

Tara matan ma sai da aka sha fama. Dattijon da ya karanta sanarwa a majami'armu ya zo kan kalmar ya yi tari, ya ce za a ɗauki hoton lafiyar mata. Wasu suka zo da ado da gwaggwaro, sun zaci na bango ne. Sista Mildred, wadda aka koya wa sarrafa injin, ita ce ta riƙa yi musu bayani a cikin ɗaki bayan ta rufe ƙofa. Afiniki ce ta lallashi Nene ta shiga, bayan ta sha alwashin babu namijin da zai gan ta. Da Nene ta fito tana gyara mayafi, cewa ta yi ko saniya ba a matsa ta haka, muka yi ta dariya. Mijinta Jibir bai san an yi ba, ita kuma ba ta ga dalilin faɗa masa ba.

A watan Nuwamba likitocin suka iso, Dokta Jamiluddeen daga Zariya da Dokta Gregory daga Jos, mako uku kacal za su yi. Aka zaɓi Afiniki ta zama mai taya su. Aka share wani ɗaki, aka rataya barguna a tagogi, aka ajiye akwatin haske mai faɗi a kan tebur. Aikinta kamar ba wuya. Kowace mace hoto huɗu gare ta, dama da hagu, daga sama da kuma daga gefe. Afiniki za ta rufe sunan da ke jikin kowanne da filasta ta rubuta lamba, ta cakuɗa ambulan ɗin yadda jerin da wannan likita ya bi ba shi wancan zai bi ba, ta jera hotunan a kan akwatin baya da baya, na dama a wurinsa na hagu a wurinsa, ta duba agogo ta rubuta minti nawa aka yi. Amma babbar dokar ita ce ta baki. Tunda ita kaɗai ta san abin da likitan farko ya gani, ba a yarda ta yi magana ba, ko gyaran murya, ko ta canza fuska. Dokta Jamiluddeen ya ce mata ta ɗauka ita bango ce. Muka ce ai an ba kura ajiyar abin da ba ta ci, wannan aiki ko barci take za ta yi shi.

Ta kuwa yi shi. Tun ƙarfe takwas take tsaye a bayan kujera har azahar, in wuta ta ɗauke ta ruga ta sa a tada janareta. Dokta Jamiluddeen mutum ne mai nawa, yakan ɗora gilashin ƙara girma a kan hoto ya bi shi lungu-lungu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Dokta Gregory yana da sauri, kuma yana aiki yana fiton waƙoƙin sujada ƙasa-ƙasa. Dukansu biyu sun yaba mata a gaban Sista Mildred, suka ce ko a manyan asibitoci ba su samu mai tsari irin nata ba.

Ranar Litinin ta mako na biyu ta zaro ambulan mai lamba ɗari da sha biyu. Ta san ko ta wace ce, don da hannunta ta rufe sunan. Ta jera hotunan ta koma bayan kujera. Dokta Jamiluddeen ya tsaya a kan na hagu, ya ajiye gilashi ya sake ɗauka, minti bakwai cur, sannan ya yi rubutu mai tsawo. Afiniki kuwa fuskarta ko gezau. Ranar Laraba lambar ta zo gaban Dokta Gregory, yana cikin fitonsa sai ya yi tsit. Nan ma ba ta motsa ba, ta rubuta minti biyar ta cire hotunan ta sa na gaba.

Ranar Juma'a aka haɗa takardun likitocin biyu aka ɓare filasta. Mata tara ne ake so su dawo, Nene tana cikinsu. Dokta Gregory ya nuna wa Afiniki wurin da bakin biro, wasu 'yan ɗige-ɗige farare a dunƙule, kamar an barbaɗa gishiri. Ya ce irin wannan ne ake addu'ar a kama, don bai yi nisa ba, in aka yanke yanzu matar za ta ga auren jikokinta. Likitan fiɗa zai zo ranar Alhamis mai zuwa, kwana ɗaya zai yi, saboda haka lallai a nemo su kafin ranar. Sauran takwas aka aika musu ta hannun fastoci da dangi. Ruga ba ta da akwatin gidan waya, Afiniki ta ce ita za ta je da kanta. Ni kuma ina da gaisuwar da zan kai Fadan Kaje, sai na ce mu tafi tare ranar Asabar.

A cikin mota muka tsara komai. Za mu gaisa da mutanen gida, mu ja Nene bayan bukka, Afiniki ta faɗa mata, ni kuma in ƙara bayani. Har ina cika baki ina cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Muka tarar da rugar cike da maza. Surukan Jibir sun zo daga wajen Samaru Kataf, ga 'ya'yan Nene uku zaune, har da Nuru, ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa a bisa al'adarsu. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo mana fura da nono a ƙwarya. Jibir dogon tsoho ne mai sanyin magana, amma tun rikicin da ya wuce ba ya sakin jiki da duk abin da ya fito daga gari, ya kuwa hango takardar asibiti a hannun Afiniki. Da muka nemi ganin Nene a keɓe, sai ya ce duk abin da ya shafi gidansa a faɗe shi a gabansa. Aka kira ta, ta zo ta durƙusa can gefe ta ja mayafi.

Jibir ya ce, "To, ɗiyata, muna ji. Me ya faru?"

Afiniki ta ce da Hausarta mai karyewa, "Baba, dokta ne ya aiko ni. Mun yi wa Nene foto a asibiti, sun gani abu. Sun ce ya dawo ran Alhamis, kada ya wuce Alhamis."

"Sun ga abu a ina?"

Maza goma sha ɗaya suka zuba mata ido. Ƙwaryar tana hannunta, abin da ke cikin ƙwaryar kuma sunansa ɗaya da abin da aka tambaye ta. Kalmar da Nene take shela da ita a bakin titi shekara talatin, kalmar da ni nake faɗa sau ashirin a rana in na ce wa mai jego ta ba yaro ya sha. Na ga leɓen Afiniki ya motsa, na ga gumi ya tsattsafo mata a goshi.

Ta ce, "A kirji, Baba."

Nan take fuskar Jibir ta saki. Ya ce ai dama ya sani, tarin nan ne da take yi duk damina, ya sha faɗa mata ta daina fita da sanyin safiya. Surukai suka yi ta Allah ya sawwaƙe. Ni da na zo ƙara bayani ban ƙara ko wasali ba. Na ce a raina ba ni aka aiko ba, kuma ba girmana ba ne in gyara mata zance a gaban dattawa. Nuru ne ya raka mu har bakin hanya, don haka ko a nan ba mu samu kanmu da Nene ba. A mota muka riƙa lallashin juna, muna cewa ba komai, in ta zo ranar Alhamis Sista Mildred za ta warware mata a cikin ɗaki.

Alhamis ta zo, mata takwas suka zo, babu Nene. Dokta Gregory ya leƙo har sau biyu yana tambayar ɗari da sha biyu. Afiniki ta ce masa ta je da ƙafarta ta faɗa musu. Ba ƙarya ta yi ba, ba kuma gaskiya ta faɗa ba, ina tsaye a wurin na sake yin shiru. Ya girgiza kai ya ce haka mutanenmu suke, a kai musu magani har gida su ƙi. Ya rubuta a takardar binciken cewa an sanar da ita ba ta zo ba. Washegari su biyun suka kama hanya. Har yau in na tuna cewa laifin a kan Nene aka rubuta shi, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai daga baya muka ji yadda aka yi. Jibir bai yi sakaci ba ko kaɗan. Tun ranar Litinin ya sa Nuru ya kai uwarsa Zonkwa, inda ya fi kusa kuma hankalinsa ya fi kwanciya, wurin wani mai ɗaukar hoton ƙirji. Aka ɗauka, aka ce huhunta garau yake, aka ba ta maganin tari. A wurinsa an cika umarnin likita, har da kwana uku a sama.

Da a ce Afiniki ta koma a makon nan, da an gyara, don ko babu likitan fiɗa ana iya tura ta Jos. Amma komawa na nufin ta tsaya gaban Sista Mildred ta ce ga abin da ta faɗa, ita da aka gama yabo a gaban kowa. Sai ta ce bari ta jira ranar kasuwa. Kasuwa ta ci ta watse, Nene ba ta zo ba. Ta ce ta gaba. Ni ma kullum sai in ce mata gobe ma je, goben ba ta zuwa. Sai da aka yi mako uku sannan muka hau mota. Muka tarar da fili fetal, sai taki da shacin bukkoki. Wani manomi ya ce sun yi kudu da shanu tun kwana shida, ba za su dawo ba sai ruwa ya sauka.

Duk ranin nan Afiniki ba ta da sukuni. Ta rame, ta daina zama da mu a dakali. Ta bi dillalan shanu a kasuwa tana ba su saƙo, amma dillalan maza ne, saƙon kuma bai wuce a ce wa matar Jibir ta zo asibiti ba. Ko ya isa ko bai isa ba, wanda aka ce masa matarsa lafiya lau take me zai sa ya baro shanunsa? Sau ɗaya ta kai har ƙofar ofishin Sista Mildred, ta tsaya, ta juyo. Ni ce kaɗai na san abin da ke cin ta, kuma muka daina haɗa ido ko a sujada.

A watan Yuni Nuru ya kawo uwarsa a bayan wata a-kori-kura. Hannunta na hagu ya kumbura har ba ya lanƙwasuwa, wurin ya fashe, ta rufe shi da ganye da tsumma tsawon wata biyu ba ta nuna wa kowa ba. Likitanmu ya duba, ya fito ya wanke hannu, ya ce babu abin da ya rage sai maganin rage zafi. Ya ɗauko katinta ya karanta, ya ce wa Nuru cikin faɗa ai tun bara aka neme ta. Nuru ya ce sun kai ta, an ce ƙirjinta lafiya. Likitan bai gane ba, ya ɗauka shirmen mutanen daji ne, ya wuce.

Aka kwantar da ita a gadon ƙarshe na ɗakin mata. Kwana tara ta yi a wurin kafin Allah ya karɓi abinsa, uku na farko kuma Afiniki ba ta taka ɗakin ba. Takan zo tun da sassafe ta shige ɗakin duhunta ta kulle. A rana ta huɗu na buga ƙofar na ce ta fito, in ba haka ba in ɓalle ta. Na riƙe hannunta kamar mai kai yaro allura.

Da hantsi ne, Nuru ya fita neman ruwan zafi. Nene ta zama ƙashi da fata, amma idonta tar. Afiniki ta durƙusa a gaban gadon, ta faɗi komai da Hausarta mai karyewa, tun daga gishirin da aka nuna mata a hoto har zuwa abin da ta ce a gaban Jibir. Wannan karon ta kira abin da sunansa. Ta ce ita ta kashe ta, ta yafe mata ko kada ta yafe, duk daidai ne.

Nene ta ɗora hannunta mai lafiyar a kan Afiniki. Ta ce, "Tashi, ɗiyata, ƙasa da sanyi. Ai na sani tun ranar. Ni aka sa a cikin ƙarfen nan, na san inda ya matse, ba ƙirji ba ne."

Afiniki ta ɗago. Ta ce, "Nene, to don me ba ka faɗa ba?"

"A gaban ɗan fari? A gaban surukai? Ni ba zan iya ba, ko a bayansu ma ban iya ba. Na ce ke 'yar asibiti ce, bakinki ya saba. Shi ya sa na durƙusa ina jira."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mana sauƙi. Ta huta kaɗan, numfashinta yana fita da ƙyar. Sannan ta juyo da kanta a hankali wajen da nake tsaye a bakin gado, ni da na zaci rakiya kawai na yi.

Ta ce, "Da ta kasa, sai na dube ki, ke mai karɓar haihuwa."

Ban ce ban gani ba, don na gani. Ranar a rugar ta dube ni ta ƙarƙashin mayafinta, ta daɗe tana duban, ni kuma na sunkuyar da kai na ci gaba da shan furata.